Bin Sawu a Kan Takarda: Sanin Ƙarshe da Daɗin Littattafan Binciken Laifi

Wannan takarda ta taso ne daga wani ƙorafi da ake yawan yi wa littattafan binciken laifi, wato ƙagaggun labaran da ake buɗewa da gawa ko sata, a rufe da kama mai laifi. Masu ƙorafin suna cewa in ka karanta uku ka karanta duka: za a yi kisa, za a zargi wanda bai ji ba bai gani ba, mai bincike zai yi ta kai-komo, daga bisani a tara mutane a ɗaki guda a nuna wanda ba a zata ba. Maganar tasu gaskiya ce, kuma ba zan ɓata lokaci wajen musanta ta ba. Abin da ke neman bayani shi ne dalilin da ya sa mutumin da ya san duk wannan yake komawa ya sayi na huɗu, ya sayi na arba'in. Ra'ayin da zan kare shi ne cewa sanin inda labarin zai dire yana cikin abin da makaranci ya biya kuɗi ya saya, domin shi ne ke ba shi sukunin sa ido a kan hujja. Akwai wani irin sani daban da ke kashe littafi, za mu zo kansa. Zan auna wannan ra'ayi da ma'aunin ƙasar Arewa ta Nijar, wato yankin Matankari, Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso, saboda a nan akwai tsofaffin hanyoyin gano mai laifi, akwai kuma wani laifi na tarihi da kowa ya san wanda ya aikata shi.

Tun fil azal marubutan wannan fanni ba su ɓoye cewa a kan ƙa'ida suke tafiya ba. Edgar Allan Poe na Amurka ya kafa zubin a 1841 da labarin kisan titin Morgue, Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887, Agatha Christie ta fara a 1920 ta rubuta littattafan bincike 66, Georges Simenon kuma ya yi 75 a kan kwamishina Maigret shi kaɗai. Ba mai iya rubuta irin wannan adadi in ba da ƙwarangwal ɗaya yake aiki ba. Har ma sun rubuta dokokin sana'ar a fili. S. S. Van Dine ya fitar da guda ashirin a 1928, Ronald Knox, wanda limamin coci ne, ya biyo baya da goma. Jigon dokokin biyu ne: duk alamar da mai bincike ya gani sai an nuna wa makaranci ita, kuma ba a yarda aljani ko tsafi ko sa'a su warware ƙulli ba. A 1966 Tzvetan Todorov ya yi bayanin da har yau ake dogaro da shi, cewa kowane littafin bincike labari biyu ne aka ɗora ɗaya kan ɗaya. Na farko shi ne labarin laifin, wanda ya riga ya auku kafin a buɗe shafin farko. Na biyu shi ne labarin binciken, wanda aikinsa kawai tono na farkon. Ya kuma raba shi da ɗan'uwansa, labarin fargaba, inda makaranci ke tare da masu laifin tun daga shiri, zuciyarsa na ɗar-ɗar yana jiran abin da zai biyo baya. A na farkon tambayar ita ce me ya faru, a na biyun me zai faru. Wannan rabo zai yi mana amfani idan muka iso ga littattafan Hausa.

Yaron da ya tashi a Matankari bai jira Todorov ba kafin ya san daɗin labarin da aka san ƙarshensa. Ya ji tatsuniyar Gizo da kura sau ba adadi, ya san kura ce za ta sha kashi, amma in mai ba da labari ta tsallake wani wuri shi ne zai fara tsayar da ita. Kacici-kacici ya ma fi kusa da abin da muke magana a kai, domin shi ma yarjejeniya ce: mai tambaya ya yi alkawarin cewa amsa tana nan, kuma kalmomin da ya faɗa sun isa su kai ka gare ta. In ka kasa, ka ba shi gari ya faɗa maka, kuma daɗin yana zuwa ne a daidai lokacin da ka waiwayi tambayar ka ga ashe amsar tana kwance a gabanka tun farko. Da mai tambaya zai kawo amsar da ba ta dace da kalmominsa ba, yara ba za su ce ya ba su mamaki ba, cewa za su yi ya yi zamba. Sai kuma mai bin sawu, wanda shi ne ainihin ɗan sandan ciki na karkara. Idan aka kore wa mutum saniya da dare, da safe a kan rairayin Dallol Mauri akwai rubutun da gwani zai karanta: dabba nawa ce, ana jan ta ne ko kora ta ake yi, mai korar takalmi gare shi ko ƙafa, a ina ya tsaya, raɓa ta sauka a kan sawun ko bayan saukarta aka taka. Masu rakiyarsa sun san inda tafiyar za ta ƙare, ƙofar wani gida ne ko wata kasuwar dabbobi. Abin da ke riƙe da idonsu shi ne yadda yake sunkuyawa ya fitar da magana daga ƙasar da su ma suke kallo ba su ga komai ba.

Masanin tarihin nan na Italiya, Carlo Ginzburg, ya yi hasashen cewa daga wannan karatu na maharba da makiyaya ne hanyar Holmes ta samo tushe, kuma littattafan Larabci da malamanmu suka sani suna goyon bayansa. Ɗabari ya kawo labarin ƴaƴan Nizar huɗu, Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, waɗanda suka siffanta wa wani mutum raƙuminsa da ya ɓata ba tare da sun taɓa ganinsa ba. Sun gane mai ido ɗaya ne saboda gefe guda ya yi kiwo, sun gane guntun bindi gare shi saboda kashinsa a tare yake bai warwatsu ba. Mai raƙumi ya ɗauke su ɓarayi, sai da suka zayyana hujjarsu ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan labari ne Voltaire ya sake sarrafawa a Zadig a ƙarni na 18, daga nan ya shiga jinin adabin Turai. Abin lura shi ne cewa ba wanda ke jin labarin don ya san ko an ga raƙumin. Hujjar ake jira.

Misalin da ya fi kowanne ƙarfi a wurin jama'ar Musulmi shi ne ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ba ina jera ta da ƙagaggun labarai ba ne, ina dai duba yadda aka tsara ta. An buɗe ta da mafarkin da ya riga ya faɗi ƙarshe, kuma duk almajiri ya san cewa ƴan'uwan za su durƙusa a gaban wanda suka jefa rijiya. Duk da haka a lokacin tafsirin azumi ranar da aka iso wannan sura wuri cika yake yi. A cikinta akwai riga mai jinin ƙarya, wadda malaman tafsiri suka ce mahaifin ya lura ba ta yage ba, alhali an ce kerkeci ne ya ci mai ita. Akwai rigar da ta yage ta baya, wadda wani mai shaida daga dangin matar ya mai da ita ma'aunin gane mai gaskiya. Akwai ƙoƙon awo da aka cusa a cikin kaya. Sanin ƙarshe bai rage wa waɗannan wurare komai ba. Shi ne ma ya sa mai sauraro ke iya tsayawa a kan kowace riga ya auna ta, maimakon ya yi ta sauri yana neman ya ji ko yaron ya rayu.

Idan muka juyo ga ƙagaggun labaran Hausa, za mu tarar marubutanmu sun wuce nan: a bangon littafi suke rubuta ƙarshen. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda ya fito cikin rukunin farko bayan gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, labarin attajiri ne da ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, ɗan da aka haifa ya tashi ɓarawo. Sunan kaɗai ya gaya maka wani zai ji a jikinsa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda aka buga a 1982 tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, yana bin Mailoma daga ƙauye zuwa soja zuwa shugabancin ƴan ta'adda, kuma ba wanda zai ga wannan suna ya zaci Mailoma zai mutu a gadonsa cikin jikoki. Haka Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu a 1990. Karin magana a bango alkawari ne, irin wanda Christie ke yi da gawar shafin farko. Bambancin shi ne namu sun karkata ga kashi na biyu na rabon Todorov. Makarancin Turmin Danya ya san mai fasa-ƙwaurin tun farko, yana cin abinci da shi yana shiga motarsa, abin da yake jira shi ne ranar da dubu za ta cika. Littafin da ke ɓoye mai laifi har shafin ƙarshe bai yi yawa a Hausa ba, ko da yake masu karatu sun san shi ta wasu harsuna: a Kano da Zariya ta James Hadley Chase da jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, wanda Mohammed Sule ya shiga da The Undesirable Element a 1977, a Yamai da Maraɗi kuma ta Simenon da jerin SAS na Gérard de Villiers da ake kasawa a ƙasa wurin masu tsofaffin littattafai.

Mai suka zai ce na raina ba-zata, alhali in ka tambayi masu karatu ita za su fara ambata, kuma ba abin da ke ɓata musu rai kamar a gaya musu wanda ya yi kisan. Zai kawo The Murder of Roger Ackroyd na 1926, wanda sunansa ya tafi duniya saboda juyin da ke ƙarshensa. Wannan suka tana da nauyi, sai dai misalin nata ya fi taimaka mini. Littattafan da suka ƙare da mamaki a waccan shekara suna da yawa, an manta da su. Abin da ya raya na Christie shi ne cewa wanda ya gama shi yana komawa baya ya binciki shafukan, ya tarar ba a yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba, an dai yi shiru ne a wuraren da ya kamata ya yi tambaya bai yi ba. Wato karatu na biyu, wanda aka yi da cikakken sanin ƙarshe, shi ne ya tabbatar da darajar na farko. A 2011 Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld na jami'ar Kalifoniya a San Diego sun gwada gajerun labarai 12, har da na bincike, suka tarar waɗanda aka riga aka gaya wa ƙarshe sun fi jin daɗin yawancinsu. Wasu masu bincike da suka biyo baya sun sami akasin haka, don haka ba zan jingina ra'ayina duka a kan wannan gwaji ba. Ya isa a ce da ba-zata ce kaɗai jarin fannin, da sakamakon farko bai yiwu ba sam, kuma da shirin talabijin na Columbo, wanda ke nuna kisan da mai kisan a mintocin farko, bai yi shekaru ana kallonsa ba.

Suka ta biyu ta fi tsufa. A 1945 Edmund Wilson ya rubuta wata maƙala a mujallar New Yorker wadda takenta ke tambayar wa ya damu da wanda ya kashe Ackroyd, ya kwatanta karanta irin waɗannan littattafai da ɗabi'ar da mutum ya kamu da ita kamar shan taba. A nan dole in sallama masa rabi. Akwai sanin ƙarshe na banza, wanda ba daga hujjar cikin labari yake zuwa ba, daga sanin halin marubuci yake zuwa. Idan makaranci ya gano mai laifi don kawai shi ne wanda aka fi nunawa da kirki, ko don kishiya ce kuma a littattafan wannan marubuciya kishiya ba ta taɓa fita da gaskiya ba, to bai bi sawu ba, ya dai san gidan da aka saba kai ƙara. Wannan cuta tana damun labaran da ake sakewa kashi-kashi a wayoyi a yau, inda tsawon labari ke ƙara kuɗi, sai a yi ta jan rai har ƙullin ya gagari mai shi, a ƙarshe a kawo mafarki ko boka ko wani mai ikirari a bakin mutuwa ya kwance. Amma laifin wannan na mai ginin ne. Waƙar baka ma tana da amshi da ake sani kafin a faɗa, ba a kuwa taɓa cewa amshi ne ya bambanta gwanin makaɗi da ɗan koyo ba.

Sukar da ta fi shafar wurin da na zaɓa ita ce wadda ke cewa duk wannan kayan aro ne, an ɗinka shi ne don ƙasashen da mutum ke kiran ɗan sanda idan ya tsinci gawa. A ƙasar Arewa gaskiya tana da wasu ƙofofi. A Lugu, garin Sarauniya, akwai dutsen Tunguma da aka daɗe ana kai wa ƙarar sata da jayayya ana karanta amsa daga motsinsa. A Lugu da Bagaji akwai tarkama, inda gawar mai sarauta da aka ɗauka ke nuna magaji. Marc-Henri Piault ya rubuta tarihin Mauri, mutanen wannan yanki, a 1970, Adeline Masquelier ta rubuta a 2001 yadda Musulunci ya tura bori gefe a Dogon Dutsi, kuma a yau mafi yawan mutane rantsuwa da Alƙur'ani a gaban sarki ko malami suka sani, sannan jandarma. Duk waɗannan, in ji mai suka, sun karya dokar Knox, to ina mai bincike zai tsaya? Ni a ganina dutsen da mai binciken alkawari ɗaya suke yi, cewa abin da aka yi a ɓoye ba zai dawwama a ɓoye ba, shi ya sa mutumin Matankari ba zai ga zubin baƙo ba. Inda suka rabu shi ne dutse da rantsuwa suna ba da suna ne kawai, ba sa nuna hanya, ba kuma wanda zai iya komawa baya ya duba aikinsu. Marubucin da ya sa hanyoyin biyu a gari ɗaya ya sami ƙulli da Christie ba ta taɓa samu ba. Moussa Konaté na Mali ya nuna hakan a L'Empreinte du renard a 2006, inda kwamishina Habib ya je ƙasar Dogon binciken mace-macen da mutanen gari suka riga suka ba wa fassara, a wurin da masu duba ke karanta sawun yanyawa a kan yashi. Kafin shi Modibo Sounkalo Keïta ya yi L'Archer bassari a 1984, kan kibiyar da ke bin waɗanda suka ci hatsin agajin fari. Wanda ya san yadda fari da hatsin agaji suke a Dallol Mauri ba sai an fassara masa wannan jigo ba.

Saura suka ɗaya, wadda ba zan ce na gama da ita ba. Tana cewa alkawarin fannin ƙarya ne, domin a duniya ana sanin mai laifi a kuma bar shi. Ƙasar Arewa tana da shaida. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ta Matankari, ta afka wa Lugu a watan Afrilu inda Sarauniya Mangu ta tare ta, ta wuce ta yi ɓarnar Birnin Ƙonni a watan Mayu. Labarin ya isa Faransa ta wasiƙar wani hafsa, Péteau, da aka kora daga rundunar, aka tura Kanar Klobb ya bincika. Abin da Klobb ya yi bin sawu ne tsantsa, ƙonannun garuruwa da rijiyoyi cike da gawawwaki su ne alamunsa. Da ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Ga gawa, ga mai bincike, ga masu laifi da sunayensu, amma ba a yi zaman da ake tara mutane a karanta hujja ba. Hukuma ta jingina abin ga haukan da zafin Sudan ke sa wa Bature, ta rufe fayil. Abdoulaye Mamani ya ɗauki wannan labari da kowa ya san ƙarshensa ya rubuta Sarraounia a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Ba littafin bincike ba ne, kuma masana tarihi sun nuna cewa Mamani ya ƙara wa Sarauniya abubuwan da ba a ji a bakin mutanen Lugu ba. Duk da haka aikin da ya yi shi ne na babin ƙarshe da ba a yi ba: ya jera abin da ya faru gari bayan gari, ya sa kowa a inda ya tsaya, har da sarakunan da suka ga ya fi musu su bi Bature. Wannan ɓangare na ƙarshe har yau ba a karanta shi da murya ɗaya a Matankari da Lugu, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ba ta kai tafiyar yini ba.